Sake Gina Mama da Tsokar Baya Bayan Tiyatar Sankara

Sankarar mama ita ce kan gaba cikin nau'o'in cutar daji da ke addabar mata a Nijeriya, kuma sau da yawa maganinta yakan kai ga cire maman baki ɗaya. Tsoron wannan rashi na daga cikin dalilan da ke sa wasu matanmu na Miga da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja su ɓoye ƙululun da suka ji a mama, su yi ta shafe-shafe a gida har ciwon ya fashe. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa jama'a cewa akwai aikin da likitoci ke yi domin mayar da siffar mama da naman jikin mara lafiyar kanta.

A bayan kowane ɗan Adam akwai wata faffaɗar tsoka da ta taso daga ƙashin baya da ƙugu, ta bi ta ƙarƙashin hammata ta kama ƙashin dantse. Likita yakan ɗago wannan tsoka tare da yankin fatar da ke kanta, ba tare da ya yanke jijiyar da ke kawo mata jini daga hammata ba, sannan ya zuro ta ta ƙarƙashin fata zuwa ƙirji. Kasancewar tana tafe da jininta ya sa ba kasafai naman ke mutuwa ba, ko da a ƙirjin da aka riga aka yi wa gashin na'ura. Idan naman bai kai girman ɗaya maman ba, akan ƙara da robar silikon.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan ƙasar Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana ta a shekarar 1906, daga baya aka yi watsi da ita, sai a 1976 Neven Olivari ya farfaɗo da ita a Jamus. A asibitocin ƙasarmu, inda akasari ake zuwa da ciwon bayan ya yi nisa, amfaninta bai tsaya ga kwalliya ba: da ita ake rufe babban raunin da fatar ƙirji ta gaza rufewa.

Wajibi ne mu faɗi abin da aikin ba ya yi. Ba ya maganin sankara, kuma ba ya ɗauke buƙatar ruwan allurai ko gashi idan likita ya umarta. Sabon maman ba ya kawo nono, jin taɓawa a wurin yakan ragu, kuma tabo zai kasance a baya. Ruwa yakan taru a inda aka ɗauko tsokar, don haka ake barin ƴar roba ta tsotse shi na wasu kwanaki.

Abin da ya fi shafar mutanenmu shi ne ƙarfin kafaɗa. Wannan tsoka ce ke jawo hannu ƙasa da baya, wato ita ake mora wajen daka, jan guga a rijiya da bugun shinkafa. Sauran tsokoki sukan karɓi mafi yawan aikinta da sannu, amma matar da sana'arta ke nan ta faɗa wa likita tun kafin a yanke shawara, domin akwai hanyar ɗauko nama daga ciki. Akan hana ɗaukar kaya masu nauyi kimanin makonni 6, kuma a nan ne haƙurin maigida da taimakon dangi ke da muhimmanci. A ganinmu, gara a tsara wanda zai karɓi aikin gida tun kafin a tafi asibiti.

Ba a yin irin wannan tiyata a ƙananan asibitoci. Wadda ta ji ƙululu ta fara zuwa cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Jahun, inda za a duba ta a ba ta takardar turawa zuwa manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ana iya gina maman a ranar da aka cire shi, ko kuma bayan watanni ko shekaru, idan an kammala sauran magani.