Salaga: garin goro da majalisar da ke mulkinsa

Salaga gari ne a arewacin Ghana, kuma shi ne hedikwatar gundumar Gwanja ta Gabas a yankin Savannah. Yana kudu maso gabas da Tamale, a kan hanyar da ta gangara zuwa Makango, inda ake tsallaka tafkin Volta a shiga Yeji. Yawancin mutanen karkarar manoman doya ne da masara da rogo, sai makiyaya da masunta. Gwanjawa ne masu ƙasa, amma Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa.

Tarihi

A ƙarni na 18 da na 19 Salaga ce babbar matattarar fataken Kano da Katsina da Barno, waɗanda ke kawo tufafi da kanwa da dabbobi su sayi goron Ashanti. Tafiyar ce Hausawa suka sani da zuwa Gwanja. An kuma yi cinikin bayi a kasuwar. Bayan Ingila ta ci Ashanti da yaƙi a 1874 hanyar goro ta fara karkata, sannan yaƙin basasa na 1892 kan sarautar Kpembe ya watse garin. 'Yan kasuwa da malamai da yawa sun koma Kete-Krachi da Yeji, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Tsarin mulki

Tsarin majalisun gundumomi na Ghana ya fara ne a 1988, kundin tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da shi, yanzu kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ce ke tafiyar da shi. Gwanja ta Gabas ta fi haka girma a da: an cire Kpandai daga cikinta a 2008, daga baya aka ƙirƙiro Gwanja ta Arewa maso Gabas mai hedikwata a Kpalbe. A 2018 aka ɗaga ta zuwa matsayin gundumar birni, matsayin da Yendi da Bawku su ma ke da shi.

Jama'a na zaɓen kashi 70 cikin 100 na 'yan majalisar duk shekara huɗu, kowace mazaɓa mutum ɗaya, kuma ba a tsayawa da sunan jam'iyya. Zaɓen baya an yi shi a Disamban 2023. Ragowar kujerun shugaban ƙasa ne ke naɗawa bayan tuntuɓar sarakuna. Ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Salaga ta Kudu yana zama a majalisar, amma ba ya jefa ƙuri'a.

Shugaban gunduma ba jama'a ke zaɓensa ba. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunansa, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarci zaman suka jefa ƙuri'a su amince. Wannan ya bambanta da Najeriya, inda ake zaɓen shugaban ƙaramar hukuma a ƙarƙashin jam'iyya. An shirya ƙuri'ar raba-gardama kan shigar da jam'iyyu zaɓen gundumomi a Disamban 2019, aka soke ta.

Kuɗi da ayyuka

Majalisar ce ke kula da kasuwanni, tsafta, ƙananan hanyoyi, gina makarantun firamare da ba da izinin gini. Tana karɓar kuɗin rumfa da lasisi da harajin gidaje, sai dai babban abin dogaronta shi ne asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda doka ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. In kason ya makara daga Accra, ayyuka kan tsaya.

Sarauta da Zango

Ƙasa da al'ada suna hannun Kpembewura, wanda ke ƙarƙashin Yagbonwura, sarkin Gwanja baki ɗaya. Shugabannin Hausawa da limamai suna sasanta rigimar aure da gado da ciniki, amma ba su da ikon kasafin kuɗi. Mutanen Zango ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, shi ya sa takardar zama ɗan ƙasa ke da nauyi a wurinsu. Duk ɗan Ghana mai shekara 18 da ya yi rajista yana iya zaɓe, yana kuma iya neman kujerar unguwarsa, kuma ta wannan kujera ce maganar famfo ko magudanar ruwa ke isa gaban majalisa.