Tarihin Zaman Tambayar Firayim Minista a Majalisar Birtaniya da Ra'ayin Jama'a Game da Shi

1.0 Gabatarwa

Duk ranar Laraba da tsakar rana, muddin Majalisar Wakilan Birtaniya tana zama, Firayim Minista kan miƙe tsaye ya amsa tambayoyin 'yan majalisa na tsawon rabin sa'a. Babu wani aikin majalisar da ya kai wannan zama suna a duniya, kuma babu wanda mutanen ƙasar suka fi kuka da shi. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda zaman ya samo asali, da sauye-sauyen da aka yi masa, da abin da jama'a suka ce game da halayen wakilansu a cikinsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hayaniyar da ake kuka da ita 'ya ce ta dokokin zaman, kuma galibin gyare-gyaren da aka kawo a kan murya da lafazi suka tsaya, suka bar ita amsar yadda suka same ta.

Batun bai yi nisa da mu ba. A Jamhuriya ta Farko ministocin Nijeriya 'yan majalisa ne, kuma suna amsa tambayoyi a zaure bisa al'adar da aka gada daga Landan. Tsarin Mulkin 1979 ya raba majalisa da ɓangaren zartarwa, sai al'adar ta kau. A watan Fabrairu na 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firayim minista, don haka ya kyautu a san abin da masu abin suka gani a gidansu.

2.0 Asalin Tambaya a Majalisa

Tambaya ta farko da tarihi ya riƙe an yi ta ne a 1721 a Majalisar Dattawa, wato ta masu sarauta. Lord Cowper ne ya nemi gwamnati ta tabbatar da labarin cewa Robert Knight, ma'ajin kamfanin South Sea wanda ya durƙushe da dukiyar mutane, ya tsere an kuma kama shi a Brussels. A wancan zamani tambaya baƙuwa ce, domin ƙa'ida ita ce kada a yi magana a zaure sai a kan wani ƙuduri da ke gaban majalisa. Sannu a hankali ta sami gindin zama cikin ƙarni na 19, har a 1869 aka ware mata gurbi a takardar ayyukan yini.

Shi Firayim Minista ba shi da lokaci na musamman. A 1881 aka mayar da tambayoyinsa ƙarshen jeri don girmama Gladstone, wanda ya haura shekara 70, saboda ya sami zuwa a makare. Da aka ƙayyade lokacin tambaya a 1902, sai wannan karamci ya zama matsala, domin sau da yawa lokaci kan ƙare ba a kai gare shi ba. A 1953 kuma aka taƙaita wa Churchill ranakun amsawa zuwa Talata da Alhamis saboda rashin lafiya. Wato dai har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, tsufa da rashin lafiyar shugabanni su ne suka fi tsara wannan zama. Sai ranar 18 ga Yuli 1961, a zamanin Harold Macmillan, aka fara zama mai tsayayyen lokaci, minti 15 ranar Talata da minti 15 ranar Alhamis, kuma Fenner Brockway na jam'iyyar Leba ne ya yi tambayar farko.

3.0 Yadda Tambaya Ta Zama Makami

A nan ne ya kamata mai nazarin harshe ya ɗan dakata. Ƙa'idar majalisa ita ce wakili ya rubuta tambayarsa tun da wuri, in an amsa kuma yana da damar yin tambayar bi-baya, amma dole ta danganci ta farkon. Shi kuwa Firayim Minista yana da ikon tura duk tambayar da ya ga ta shafi wata ma'aikata zuwa ga ministanta. Da wakilai suka ga ana zame musu ta wannan kafa, sai suka ƙago tambayar da ba ta turuwa. Da farko sukan tambaye shi ko yana da niyyar ziyartar gari kaza. Daga baya suka daidaita a kan jimla guda, wato ya zayyana ayyukan da ke gabansa a wannan yini. Babu ministan da zai amsa wannan sai shi, kuma tunda ayyukan shugaban gwamnati sun game komai, kowace irin tambayar bi-baya tana iya shiga ƙarƙashinta. Zuwa zamanin Margaret Thatcher, wadda ta daina tura tambayoyi, wannan buɗaɗɗiyar tambaya ta mamaye zaman.

Dabarar ta yi aikin da aka ƙago ta dominsa, amma ta zo da kuɗinta. Rubutacciyar tambaya tana neman bayani, kuma mai amsa ba shi da uzurin cewa bai shirya ba. Buɗaɗɗiya kuwa kwanton ɓauna ce. Mai yin ta yana fatan a yi tuntuɓe, mai amsawa kuma yana shiga zaure da ƙunshin takardu da aka shirya masa don ya kauce ya kuma rama. Jimlar tana nan da sigar tambaya, amma aikinta ya koma zargi. Daɗin daɗawa, 'yan jam'iyyar gwamnati kan miƙe da tambayoyin da aka ɗana musu, irin waɗanda ke farawa da neman ko Firayim Minista ya yarda cewa gwamnatinsa ta yi abin kirki, alhali kowa ya san amsar.

Madugun 'yan hamayya ma bai kasance tauraron zaman tun farko ba. A farkon shekarun 1960 ba kullum yake miƙewa ba. Zafin gaba tsakanin Harold Wilson da Edward Heath ya ƙara masa matsayi, zuwa zamanin Neil Kinnock ya zama al'ada ya yi tambaya har uku a zama ɗaya. Da Tony Blair ya hau a 1997 sai ya haɗe zaman biyu ya zama guda na minti 30 ranar Laraba, madugun hamayya ya tashi da tambaya shida. A 2003 aka dawo da shi ƙarfe 12 na rana. Sauran wakilai kuwa sunaye 15 ake fitarwa da ƙuri'a, sai waɗanda Kakaki ya ga damar kira.

Shi kansa zauren yana da hannu. Bayan da bom ya rusa shi a watan Mayu na 1941, Churchill ya dage a 1943 cewa a sake gina shi yadda yake, benci na fuskantar benci, kuma ƙarami. Wurin zama bai wuce na mutum 427 ba, ga wakilai 650. Ranar Laraba kuwa sai ya cika maƙil, har wasu na tsaye a bakin ƙofa.

4.0 Kunnen Jama'a da Idonsu

Shekara da shekaru abin da talaka ya sani game da zaman shi ne abin da jarida ta rubuta, da kuma Hansard, littafin da ke adana jawaban majalisa, wanda ke share mafi yawan ihu ya bar tsabar magana. A watan Afrilu na 1978 aka fara watsa zaman majalisa ta rediyo dindindin, a watan Nuwamba na 1989 kuma talabijin ya shiga. Daga nan jama'a suka ji abin da ba a rubuta ba. Su ma wakilai suka gane cewa jimla ɗaya mai kaifi ita ce za ta shiga labaran dare, sai aka koma saƙa magana domin masu kallo a gida.

Amana ta ƙara raunana a watan Mayu na 2009, lokacin da jaridar Daily Telegraph ta bankaɗo yadda wakilai ke karɓar kuɗin alawus ba bisa ƙa'ida ba, har Kakaki Michael Martin ya sauka. A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar Hansard Society, wadda aka kafa a 1944, ta fitar da rahoton bincikenta a watan Fabrairu na 2014. Kashi 67 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun yarda cewa neman cin maki na jam'iyya ya yi yawa a maimakon amsa tambaya. Kashi 47 sun ce hayaniya da zafin rai sun yi yawa, kashi 33 sun ce zaman yana sa siyasa ta fita daga ransu, kashi 16 kacal suka ce wakilai na nuna halin da ya dace da aikinsu, kashi 12 kuma suka ce yana sa su alfahari da majalisarsu. Duk da haka kashi 40 sun amince cewa ana taɓo muhimman al'amuran ƙasa. Rahoton ya kuma nuna cewa waɗanda suka ga gutsattsarin zaman a labarai sun ninka waɗanda suka kalle shi dukansa, wato da yawa daga masu hukunci sun yi shi ne a kan daƙiƙoƙin da editoci suka zaɓa, kuma edita ba ya zaɓen wurin da aka yi shiru.

Abin lura a waɗannan alkaluma shi ne jerinsu. Ƙin amsa tambaya ya zo gaban hayaniya da tazarar kashi 20. Binciken masana harshe ya gaskata jama'a. Sandra Harris ta nuna a 2001 cewa cin fuska a wannan zama abu ne da ake sa ran gani, har ana saka wa mai yin sa da yabo. Peter Bull da Will Strawson kuwa sun ƙirga amsoshi, suka tarar Theresa May ta amsa kashi 11 cikin 100 ne kawai na tambayoyin Jeremy Corbyn kai tsaye, David Cameron kuma kashi 21.

5.0 Yunƙurin Gyara

Kusan kowane sabon shugaba yakan zo da alkawarin natsuwa. Cameron ya ce a watan Disamba na 2005 zai kawo ƙarshen siyasar 'yar tsana ta doke-ni-in-doke-ka, a 2008 ya amsa da bakinsa cewa ya kasa. John Bercow, Kakaki daga 2009 zuwa 2019, ya sha tsayar da zama yana tsawatarwa, a watan Fabrairu na 2014 kuma ya rubuta wa shugabannin manyan jam'iyyu uku yana neman a tattauna gyara. Ita Hansard Society ta ba da shawarar a mayar da zaman da yamma don ma'aikata su samu kalla, a rage tambayoyin madugun hamayya, a riƙa fitar da mai hargitsi na ɗan lokaci kamar yadda ake yi a wasan zari-ruga, a kuma bai wa talakawa damar aiko da tambaya. Babu ɗaya da ta zama doka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ke hamayya ba zai so a rage masa harsashi ba, wanda ke mulki kuma ba zai so a ɗaure shi da amsa ba, kuma kowannensu yana sa ran zama a kujerar ɗayan.

Corbyn ya jarraba shawara ta ƙarshe da kansa. A zamansa na farko, 16 ga Satumba 2015, ya karanto tambayoyin da jama'a suka aiko masa, ya ce ya sami saƙo 40,000. Zaure ya yi tsit, domin da wuya a yi wa tambayar talaka ihu. Sai dai tunda kowace tambaya batunta daban, Cameron ya riƙa ba da amsar da ya ga dama ba tare da an bi shi ba, kuma cikin 'yan watanni salon ya dushe. Annobar korona ta kawo gwaji na biyu ba da niyyar kowa ba. Ranar 22 ga Afrilu 2020 aka yi zama da wakilai da ba su wuce 50 ba a zaure, saura ta allon bidiyo, Keir Starmer yana tambaya Dominic Raab yana amsawa a madadin Boris Johnson. An ji kowace kalma, kuma kaucewa ta fito fili tunda babu ihun da zai rufe ta. Da benci ya sake cika a 2021, hayaniya ta dawo tare da shi.

Gyara ɗaya da ya ɗore a wajen zaure aka yi shi. Tun watan Yuli na 2002 Firayim Minista ke bayyana gaban kwamitin da ya ƙunshi shugabannin kwamitocin majalisa, inda ake bin batu ɗaya da tambaya bayan tambaya. A ra'ayin mai wannan maƙala nan ne ake samun abin da kashi 67 ɗin nan suka nema, illa dai sau biyu ko uku ake yi a shekara, kuma masu kallonsa kaɗan ne.

6.0 Dokar Lafazi

Majalisar Wakilai tana da tsauraran dokoki a kan harshe. Wakili ba ya kiran ɗan'uwansa da suna, ba ya ce masa kai ko ke, sai ya fuskanci Kakaki ya ambace shi da laƙabin girmamawa da sunan mazaɓarsa. An hana tafi, an kuma hana a ce wa wakili maƙaryaci. Amma Kakaki ba shi da ikon tilasta wa minista ya amsa abin da aka tambaye shi, ba ya kuma auna gaskiyar amsa. Ladabin yana kan fatar magana ke nan.

Yadda wannan giɓi yake ya bayyana a zamanin Johnson. A watan Yuli na 2021 aka fitar da Dawn Butler daga zaure, a wata muhawara, saboda ta ce ya sha yi wa majalisa ƙarya kuma ta ƙi janyewa. Ranar 1 ga Disamba 2021, a zaman tambaya, Starmer ya tambaye shi batun shagalin da aka ce an yi a fadarsa lokacin dokar kulle, shi kuma ya amsa cewa an bi dukan ƙa'idoji. Ya maimaita makamancin haka bayan mako guda. A ƙarshen Janairu 2022 Ian Blackford ma ya bar zaure saboda ya ƙi janye zargin cewa an yaudari majalisa. Waɗannan amsoshi na Disamba, da Hansard ya adana, suna cikin abin da kwamitin kare alfarmar majalisa ya bincika. Johnson ya ajiye kujerarsa ta wakilci ranar 9 ga Yuni 2023 bayan ya ga daftarin rahoton, wanda ya fito ranar 15 ga wata yana cewa ya yaudari majalisa da gangan, kuma da yana nan da an nemi a dakatar da shi kwana 90. Ranar 19 ga Yuni majalisa ta amince da rahoton da ƙuri'a 354, masu ƙi 7, wata 18 bayan tambayar Starmer.