Hamada, Tsirrai da Iskar Damina

Ruwan da ke sauka a Wudil da sauran ƙasar Kano daga Tekun Atlantika yake tasowa, amma zafin Sahara ne ke janyo shi. Da bazara, idan hamada ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta takan yi sama, sai iska mai laima daga kudu maso yamma ta kwararo ta maye gurbinta. A kudu da inda ta yi karo da busasshiyar iskar arewa ake samun hadari. Iskar mai laima tana isowa Kano wajen watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, sannan ta janye a Oktoba.

An daɗe ana muhawara kan ko sare itatuwa na iya raunana wannan iska. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na cinye arewacin Najeriya. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya zagaya kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai ga hujjar haka ba.

Farin 1972 da 1973 ne ya sake tayar da maganar. A 1975 Jule Charney, masanin yanayi a Amurka, ya kawo bayanin da ya yi tasiri ƙwarai. A cewarsa, ƙasar da dabbobi suka cinye ciyawarta takan yi fari fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta shanye shi. Iskar da ke kanta sai ta yi sanyi ta danno ƙasa, gajimare ya kasa haɗuwa, ruwa ya ragu, ciyawar ta ƙara mutuwa. Da wannan aka ɗora wa makiyaya da manoma laifin da ya fi ƙarfinsu.

A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa suka danganta farin Sahel da sauyin ɗumin ruwan teku. Binciken Alessandra Giannini na 2003 ya ƙarfafa hakan: teku ne ke kawo fari, ƙasa kuma ta tsananta shi. Wannan bai rage darajar tsirrai ba, domin ganye na mayar da laimar ƙasa cikin iska, kuma a 2011 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna hadari ya fi tasowa inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ke maƙwabtaka da busasshiya.

A Wudil ana ganin bambancin da ido: fadamar kogi kore shar da rani, jigawa a gefenta ƙura kawai, sai gawo tsaye da ganyensa. Domin dawo da itatuwa, manoman Maraɗi sun fara barin tohon kututture ya girma a gonakinsu tun 1983, kuma a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti.