Yarjejeniyar Baka da Mallakar Aikin Fasaha a Tarihin Fiƙihu

Gabatarwa

Idan wani ya sa mawaƙi ya tsara masa waƙa, ko marubuci ya rubuta masa littafi, ya biya shi, kuma ba a rubuta komai a tsakaninsu ba, wane ne ya mallaki aikin? Tambayar ta ƙunshi mas'aloli biyu da ake yawan cakuɗawa: ingancin yarjejeniyar baka, da kuma abin da ta mallaka wa mai biya. Kowace daga cikinsu tana da tarihinta daban.

Ingancin Yarjejeniyar Baka

Asali a fiƙihu, ciniki yana ƙulluwa ne da ijabi da ƙabuli, rubutu kuwa hujja ce da ake komawa gare ta ranar jayayya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, sai dai jamhurin malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, yayin da Imam Ɗabari da Ibn Hazm suka ɗauke shi wajibi.

Sa mai sana'a ya ƙera abin da bai riga ya samu ba shi ne malamai suka kira istisna'i. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an ƙera masa zobe, kuma wani kafinta ya haɗa masa mumbari. Hanafiyya sun halatta shi ta hanyar istihsani, saboda mutane sun saba mu'amala da shi, duk da cewa ƙiyasi ya hana sayar da abin da babu shi. Zufar, almajirin Abu Hanifa, ya tsaya a kan ƙiyasin. Malikiyya da Shafi'iyya kuwa sun shigar da shi ƙarƙashin cinikin salam da sharuɗɗansa. Daga baya Majallatul Ahkamil Adliyya ta Daular Usmaniyya, wadda aka kammala a 1876, ta zartar a sashe na 392 cewa istisna'i yana lizimtar ɓangarori biyu da zarar an ƙulla shi.

Me Mai Biya Ya Mallaka?

A zamanin da ake juyar littattafai da hannu, abin da mai biya yake mallaka shi ne kwafin da aka miƙa masa: takarda, tawada da bango. An ruwaito cewa Jahiz, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya karɓi dinari 5,000 daga waziri Ibnuz Zayyat da ya sadaukar masa da Kitabul Hayawan. Duk da haka littafin bai fita daga sunan Jahiz ba, kuma masu juyi a kasuwannin Bagadaza ba su bukaci izinin waziri ba. Jingina aiki ga mai shi amana ce da malamai suka tsare ta hanyar isnadi da ijaza, amma ba a san wani haƙƙin kuɗi na hana yaɗa littafi ba. Hasali ma, magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana, jamhuri ne suka lissafa amfani a cikin dukiya.

Injin ɗab'i ne ya sauya lamarin, domin ya mayar da yawaita kwafi hanyar riba. Ingila ta yi dokarta a 1710, Daular Usmaniyya ta yi tata a 1910. A Disamba 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira suna da ƙimar dukiya a al'adar zamani, Shari'a ta kare su, kuma bai halatta a keta su ba.

Daga nan sai aiki ɗaya ya zamo yana ɗauke da dukiya biyu: kwafin da aka miƙa, da haƙƙin yaɗawa. Tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988, a lokacin da take aiki, ta bar haƙƙin aikin da aka sa a yi a hannun mai fasaha, sai idan an rubuta akasin haka, kuma ta shardanta rubutu wajen mayar da shi ga wani.

Kammalawa

Yarjejeniyar baka ingantacciya ce, amma ba ta mallakar da abin da ba a ambata ba, sai dai wanda tabbatacciyar al'ada ta shigar. Inda al'ada ba ta zauna ba, kamar a harkar waƙoƙi da finafinan Hausa, wanda ya yi da'awar ya sayi haƙƙin yaɗawa shi ke da nauyin kawo hujja, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Saboda haka ya kamata mai fasaha da mai biya su rubuta abin da aka sayar da wanda aka bari, gaban shaidu, tun kafin a fara aiki. Allah ne Mafi sani.