Ɗaukar hoton husufin wata

Husufin wata, wanda Hausawa ke kira zazzaɓin wata, yana aukuwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kansa. Ba ya faruwa sai wata ya cika, wato wajen daren 14 ko 15 na watan Musulunci. Abin da ya sa ba a ganinsa kowane wata shi ne, hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana, don haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Kallon husufin wata ba ya cutar da ido ko kyamara. Na rana kuwa yana iya lalata ido idan aka kalle shi ba tare da gilashi na musamman ba.

Wahalar ɗaukar hoton tana cikin sauyawar haske. Cikakken wata yana da haske sosai, amma idan inuwa ta rufe shi baki ɗaya, haskensa yakan ragu ninki dubbai, ya koma ja kamar garwashi. Jan yana zuwa ne daga hasken rana da ya ratsa iskar da ke lulluɓe da duniya, wadda ke watsar da shuɗin haske ta bar ja ya isa ga wata. Wanda ya bar saitin kyamararsa yadda yake tun farko, baƙin hoto zai samu a lokacin da abin ya fi kyau.

Ana buƙatar kyamarar da ake iya saitawa da hannu, da lensi mai jawo nesa na milimita 200 ko fiye, da mazauni mai ƙafa uku. Kafin inuwa ta shigo, ana iya farawa da ISO 100, da f/8, da ɗaya bisa 250 na daƙiƙa. Idan wata ya yi ja, a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, a buɗe lensin sosai, a bar haske ya shiga na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 1. Kada a tsawaita fiye da kima, domin saboda juyawar duniya wata yakan gusa da tazarar faɗinsa cikin kusan minti 2, hoton ya fito dishi-dishi. A daidaita kaifin hoton da hannu tun wata na da haske, kuma a sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan an danna, don kada hannu ya girgiza ta.

Mai wayar salula ya jingina ta da katanga ko wani abu mai ƙarfi, ya kashe filashi, ya taɓa watan a fuskar wayar ya rage haske. Jawo hoto da yatsu yana ɓata shi. Gara a ɗauki watan tare da bishiya ko rufin gida.

A nemi fili nesa da fitilun gari. Idan husufin ya zo da magariba, wata yana gabas kusa da ƙasa, don haka a kauce wa dogayen gine-gine. Gajimaren damina da ƙurar hunturu su ma sukan tare gani.

Lokaci yakan wadata. A ranar 27 ga Yuli 2018, wata ya yi awa 1 da minti 43 a rufe, mafi tsawo a wannan ƙarni, kuma daga shigar inuwa zuwa fitarta an yi kusan awa 4. Na 7 ga Satumba 2025 ya yi kusan minti 82 a rufe. Saboda haka wanda ya shirya kayansa da wuri zai iya halartar sallar husufi, wadda Annabi (SAW) ya koyar, ya dawo ya ɗauki hotonsa kafin wata ya washe.