Dandalin finafinan Hausa a intanet

Dandalin finafinan Hausa a intanet su ne shafuka da manhajojin da masu shirya finafinan Kannywood ke ɗora ayyukansu a kai domin a kalla, su kuma su samu kuɗi. Yawancin ofisoshi da situdiyon da ake tace waɗannan finafinai suna Kano, musamman a titin Gidan Zoo da ke daura da unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙaramar hukumar Tarauni.

Tarihi

A da, furodusa kan kai fim ɗinsa kasuwar Ƙofar Wambai, inda 'yan kasuwa ke buga shi a kaset, daga baya a faifan CD. Satar fasaha da zuwan 'yan tura fim a waya, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, sun durƙusar da wannan kasuwa. Kafuwar tashar Arewa24 a 2014 ta saba wa masu kallo da shiri mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa. A 2020, lokacin kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad ya samu karɓuwa a YouTube, shi ma Labarina na Aminu Saira ya fito a shekarar, sai furodusoshi da dama suka bi sahu.

YouTube

Har yanzu YouTube ce babbar kasuwa. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Mai tasha na karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo, kuma ba a biyansa sai kuɗin sun kai dala 100. Matsalar ita ce farashin talla ya danganta da ƙasar mai kallo. Kallon da aka yi daga Najeriya ko Nijar bai kai na Amurka ko Ingila daraja ba, don haka shiri kan samu ɗimbin masu kallo amma bai mayar da kuɗin da aka kashe ba. Wannan ne ya sa ake cusa tallan 'yan kasuwar gida, kamar masu atamfa, turare da maganin gargajiya, a tsakiyar shiri, wani lokaci har ya gundiri mai kallo.

Sauran hanyoyi

Northflix, wadda aka kafa a Kano a 2019, ta riƙa karɓar kuɗi kai tsaye daga mai kallo ta hanyar rajista. Kallo.ng da Arewa24 On Demand ma a kan wannan tsari suke. A nan furodusa ba ya jiran talla, sai dai tsadar data da sabon kallon kyauta suna rage masu biya, ga kuma ɓarayin da ke sakin sabon fim a Telegram.

A 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Najeriya damar samun kuɗi da bidiyo a Facebook. A TikTok kuwa, kuɗin sun fi zuwa daga kyautar masu kallo a shirin kai tsaye da tallata hajar 'yan kasuwa.

Tace finafinai

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsaya a kan cewa ɗora shiri a intanet bai fitar da shi daga hurumin dokarta ba. A watan Mayun 2025, ƙarƙashin shugabancin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da an tace ba.