Daga 3DO zuwa wayar hannu: doguwar hanyar da wasan harbi ya bi kafin ya iso Ƙonni

Wanda ya ratsa tashar Birnin Ƙonni ko bakin kasuwar Galmi da la'asar ba zai rasa ganin samari sun duƙufa a kan waya ba, an kwantar da ita tsakanin hannu biyu, manyan yatsu na ta aiki, ƙarar harsashi na fitowa daga ƙaramar lasifika. A wasu wasannin ba ka ganin jikin mutumin da kake sarrafawa. Bakin bindigarsa kawai ke gabanka, duk inda ya juya kai ka juya, abin da idonsa ya gani shi kake gani. Wannan salo ya girmi masu buga shi nesa ba kusa ba, kuma kafin ya sauka a wayar Tecno ko Itel sai da ya bi ta kan na'urorin da suka cinye dukiyar masu su, aka kuma manta da sunayensu. Ɗaya daga cikinsu ita ce 3DO.

Tushen abin yana Amurka. Wajen 1973 wasu ɗalibai da ke koyon aiki a cibiyar Ames ta hukumar NASA, a jihar Kalifoniya, suka tsara wani wasa da ake kira Maze War: layuka ne kawai a fuskar kwamfuta, kana yawo cikin lunguna kana neman abokin karawa. Sai a 1992 salon ya zama kasuwa, lokacin da wani ƙaramin kamfani a jihar Teksas mai suna id Software ya fitar da Wolfenstein 3D. A watan Disamban 1993 kamfanin ya biyo da Doom, wanda John Carmack da John Romero suka jagoranci aikinsa, daga nan kowa ya shiga kwaikwayo. Amma duk wannan a kan kwamfutar tebur ake yi. Na'urorin da ake jonawa da talabijin a lokacin, irin su Sega da Nintendo, da ƙyar suke iya ɗaukar irin wannan nauyi.

A daidai wannan lokaci manyan kamfanonin kayan wuta na mafarkin wani abu dabam. Faifan CD ya zo, yana ɗaukar abin da kaset ɗin wasa ɗaruruwa ba za su ɗauka ba, sai aka ce me zai hana a ƙera akwati guda da zai yi komai: ka saurari waƙa, ka kalli hotuna da fim, yara su yi karatu, su kuma yi wasa. Philips ya fito da CD-i a 1991, Commodore ya fito da CDTV a shekarar. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Trip Hawkins, mutumin da ya kafa Electronic Arts a 1982, wato kamfanin da daga baya ya shahara da wasan ƙwallon FIFA. A 1991 ya kafa kamfanin 3DO, ya ɗauko injiniyoyi biyu, Dave Needle da R. J. Mical, waɗanda suka yi aiki a kan kwamfutar Amiga, suka zana masa cikin na'urar.

Dabarar Hawkins ita ce shi ba zai ƙera ko guda ba. Zai ba da lasisi, Panasonic da Sanyo da GoldStar (wanda yanzu ake kira LG) su ƙera su sayar, shi kuma ya riƙa karɓar dala 3 a kan kowane faifan wasa. A takarda abin ya yi kyau. A kasuwa kuwa nan gizo ya yi saƙa. Sega da Nintendo kan sayar da na'ura da ƙaramar riba, wani lokaci ma da asara, su fanshe a kuɗin wasanni. Panasonic ba shi da wannan mafita, dole ya ci ribarsa a jikin akwatin. Shi ya sa da na'urar ta fito a Amurka a watan Oktoban 1993 aka sa mata dala 700 ba kaɗan. A canjin wancan lokaci kusan jika 200 ke nan na sefa. Wata uku bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin ya koma kusan jika 400. Ba'amurke ma ya ji nauyin farashin, balle ma'aikacin masana'antar siminti ta Malbaza.

Duk da haka an yi mata wasanni, kuma a cikinsu akwai na harbi da suka cancanci a tuna. Escape from Monster Manor ya fito tun 1993, dodanninsa da yumɓu aka fara gina su sannan aka ɗauki hotonsu. A 1995 aka yi PO'ed, inda gwarzon labarin kuku ne a jirgin sararin samaniya, makaminsa na farko kaskon suya. Amma wanda ya fi su buri shi ne Killing Time, wanda sashen wasanni na kamfanin 3DO da kansa ya fitar a 1995.

Labarinsa ya faru a tsibirin Matinicus, a gaɓar jihar Maine. Wata attajira mai suna Tess Conway, wadda ta gaji dukiya mai yawa, ta mallaki wani agogon ruwa na tsohuwar Masar da ake dangantawa da gunkin Thoth, tana neman ta tsayar da lokaci don kada ta tsufa. A 1932, ana tsakiyar shagali, ita da baƙinta suka ɓace. Kai ɗan wasa ɗalibi ne na tarihin Masar da ya bi sawun agogon har tsibirin, ya tarar da mazauna gidan sun zama abin tsoro: mafarautan agwagi da suka ƙi kwanciya a kabari, 'yan barkwanci masu kisa, karnuka masu kai biyu. Tatsuniya ce tsantsa, ta tsafi da fatalwa, sai dai an jingina ta da zamanin da aka haramta giya a Amurka, tsakanin 1920 da 1933, lokacin da 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi. Makaman ma na zamanin ne, har da bindigar nan mai sarrafa kanta da 'yan daban Chicago suka yi suna da ita.

Abu biyu suka bambanta shi da 'yan uwansa. Na farko, Doom da masu kwaikwayonsa mataki-mataki suke tafiya, ka gama wannan fili a rufe shi a buɗe maka wani. Killing Time kuwa tsibiri guda ne a haɗe, da daji da fadama da katafaren gida, kana iya komawa inda ka baro, na'urar na jawo taswirar daga faifai kana cikin tafiya. Na biyu, an ɗauki 'yan wasan kwaikwayo na gaske a bidiyo, aka dasa su cikin wasan a matsayin fatalwa. Kana shiga ɗaki sai ka gan su suna gardama ko ƙulla makirci kamar yadda suka yi a 1932, daga bakinsu kake tsintar labarin da kuma inda za ka nufa. A ganina wannan ita ce amsa mafi ma'ana da aka bayar a wancan zamani ga tambayar me za a yi da faɗin faifan CD, domin yawancin kamfanoni fim suke liƙawa a farkon wasa da ƙarshensa, su ce sun yi sabon abu. Laifin wasan shi ne ya fi ƙarfin akwatin da aka yi shi dominsa. Ƙwaƙwalwar 3DO gudunta megahaz 12.5 ne, ma'ajiyar aikinta megabait 2, da ƙarin 1 na hoto. Idan abokan gaba suka yi yawa sai motsi ya riƙa sarƙewa, juyawa da madannin hannu kuma sai an yi haƙuri.

Shi kansa Doom da aka kawo wa 3DO abin kunya ya zama. Kamfanin Art Data Interactive ya sayi lasisi, ya yi ta alkawarin sababbin makamai da filaye, alhali babu aikin da aka yi. Daga ƙarshe aka damƙa wa wata mai tsara wasanni, Rebecca Heineman, ta haɗa shi cikin mako 10. Ya fito a ɗan ƙaramin murabba'i a tsakiyar talabijin, yana tafiya da ƙyar. Kiɗansa kaɗai aka yaba.

A lokacin ma kasuwa ta riga ta watse. Sony ya fitar da PlayStation a Japan a Disamban 1994, ya kai ta Amurka a Satumban 1995 a kan dala 299. A 1996 aka daina ƙera 3DO, bayan an sayar da abin da bai wuce miliyan 2 ba ko kusa da haka, yayin da PlayStation daga baya ta haura miliyan 100. Kamfanin 3DO ya sayar wa Matsushita, mai Panasonic, fasahar na'urarsa ta gaba, M2, a kan dala miliyan 100, ita ma ba ta fito a matsayin na'urar wasa ba. A 2003 kamfanin 3DO ya durƙushe.

To mu a nan me ya iso mana? Ƙonni gari ne na hanya. Tana kan babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, tana kallon Illela ta jihar Sakkwato a tsallaken iyaka (ba Illela ta hanyar Tawa ba, wadda baƙi kan rikita su). A wancan zamani kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano kan bi ta Gaya da Doso su iso nan, wasu su tsallaka Nijeriya, na Kano da Legas kuma su shigo ta Sakkwato. Ɗan kasuwar wannan hanya ba ya ɗauko abin da zai kwana a shago. Abin da ya ɗauko wa yara shi ne kwaikwayon Famicom, na'urar Nintendo ta 1983, wadda masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta bugawa da arha, da kaset mai alkawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. A cikin kwalin akan sami bindigar roba ta wasan Duck Hunt. Ga yara da yawa na wancan zamani, harbin farko da suka yi a talabijin agwagwa suka harba.

Akwai kuma matsalar da ba a cika tunawa da ita ba. Kayan Amurka wutar 110 suke sha, tamu 220 ce. A lokacin tsarin hotonsu NTSC ne, na Nijeriya PAL, na Nijar SECAM irin na Faransa. Ka jona na'urar gwanjo da talabijin da ba su dace ba, ko hoto ya fito fari da baƙi, ko hayaƙi ya tashi.

Mafarkin akwati guda mai yin komai kuwa ya cika, amma ba a hannun Hawkins ba. 3DO na iya kunna faifan VCD idan ka sayi wani ƙarin kaya ka jona mata. 'Yan shekaru bayan mutuwarta, na'urorin VCD da DVD 'yan Sin suka cika kasuwanninmu a farashin da talaka zai iya, suka ɗauki finafinan Kano da na Indiya da wa'azi da waƙoƙi suka shiga da su gida-gida, wasunsu har da madannin wasa da faifan tsofaffin wasannin Nintendo a cikin kwali. Abin mamaki, 3DO ba ta da makullin hana kwafin faifai, ba ta kuma ware yanki, wato ta fi kowace dacewa da kasuwa irin tamu. PlayStation tana da makulli, sai masu gyara suka koyi dasa mata ɗan ƙaramin guntu da ke buɗe shi. Da wannan, da PlayStation 2 da ta fito a 2000, gidajen gem suka kafu: talabijin, benci, janareta, a biya a buga. Kuma ƙwallo ce ta riƙe su. Mutum biyu na karawa, goma na kallo, minti kaɗan an tashi wasu sun zauna. Wasan harbi mai dogon labari da Turanci, wanda mutum ɗaya zai shafe sa'o'i a kai, ba ya biyan kuɗin fetur.

Waya ce ta warware wannan ƙulli. Ba ta neman talabijin, ba ta neman wuta tsayayya, rumfar caji ko ƙaramin faranti mai zuƙar rana ya ishe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da yawancin wutarsa ke zuwa ta layin Katsina, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. An ga haka ƙarara da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya a 2018, Call of Duty na waya a 2019, duka kyauta ake saukewa, kuɗin data kawai za ka ji a jikinka, sai kuma abin da suke lallaɓa ka ka saya a ciki. Ƙwaƙwalwar da ke cikin waɗannan wayoyi zuriyar ARM ce, gidan da ARM60 ta cikin 3DO ta fito.

Killing Time bai mutu tare da akwatinsa ba. An mayar da shi kan Windows a 1996, sannan a 2024 kamfanin Nightdive Studios, wanda sana'arsa ke nan farfaɗo da tsofaffin wasanni, ya sake fitar da shi da sunan Killing Time: Resurrected, an gyara hoto da motsi, ana buga shi a kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch. Mai sha'awar sanin inda wasan da ke wayarsa ya samo asali, wannan sabon bugun ya kamata ya nema, kada ya ɓata kuɗinsa wajen farautar tsohuwar 3DO.